Abin da Ke Kashe Kifin Teku a Tankin Gida

Yawancin kifayen ado da ake sakawa a tankin ruwan gishiri sun fito ne daga wuraren murjani na tekun Indiya da na Fasifik, musamman gaɓar Indonesiya da Filifin. Ruwan waɗannan wurare kusan hali ɗaya gare shi shekara da shekaru. Gishirinsa yana kusa da giram 35 a kowace lita, ɗuminsa ba ya hawa ko sauka da yawa, kuma duk dattin da kifi ya fitar teku na haɗiye shi nan take. Kifin da ya tashi a irin wannan wuri jikinsa bai san sauyi ba. Tarwaɗa takan rayu a kududdufin da ya kusa ƙafewa, ta leƙo sama ta shaƙi iska ta koma cikin taɓo, amma kifin murjani ba shi da wannan juriya ko kaɗan. Shi ya sa mafi yawan mace-macen da ake samu a tankin gida daga ruwan suke farawa, kuma akasari gaggawar mai tankin ce ke jawo su.

Babbar matsala ta farko ita ce ammoniya. Kifi yana fitar da ita ta kafofin numfashin da ke gefen kansa, ragowar abinci da kashi su ma idan suka ruɓe ita suke zama. Ba ta da launi, ruwa zai yi garau alhali gubar ta cika shi. Ruwan teku kuma ya fi ruwan kogi haɗari ta wannan fuska, domin ma'auninsa na pH yana tsakanin 8.1 da 8.4, kuma duk sanda wannan ma'auni ya hau, kason ammoniya mai guba yana ƙaruwa. Tana ƙona kafofin numfashi, sai a ga kifi yana haki, ya daina cin abinci, ya lafe a lungu.

Masu kawar da ita wasu ƙwayoyin bakteriya ne da ke zama a jikin duwatsu da yashi da soson matatar ruwa. Rukuni ɗaya yana mayar da ammoniya nitrait, wani rukunin ya mayar da nitrait nitret, wanda gubarsa ba ta kai ta farkon ba. Sabon tanki ba shi da isassun waɗannan ƙwayoyi, kuma sukan ɗauki mako huɗu zuwa shida kafin su yawaita. A wannan lokaci tankin zai zauna babu kifi: a zuba ruwa, a jera duwatsu, a kunna injin da ke juya ruwan, a riƙa jefa ɗan abincin kifi ko ɗigon ammoniya don ƙwayoyin su samu abin ci, ana gwada ruwan bayan kowane kwana biyu ko uku. Sai ammoniya da nitrait sun hau sun sauko sun tsaya a sifili kafin a saka kifin farko. Ko a lokacin ma ɗaya ko biyu ake sakawa, a bari makonni biyu su wuce kafin a ƙara, saboda yawan ƙwayoyin daidai yake da yawan dattin da suka saba samu. Wanda ya sayi tanki da safe ya cika shi da kifi shida da yamma, da wuya ya kai ƙarshen wata da su. Kuma saboda waɗannan ƙwayoyi ne ba a wanke soson matata da ruwan famfo, sai dai a matse shi a cikin tsohon ruwan da aka ɗebo daga tankin.

Girman tanki yana da tasiri fiye da yadda ake zato. Ƙaramin tanki ya fi arha, amma kuskure kaɗan yana jirkita ruwansa gaba ɗaya. Mai farawa gara ya nemi mai cin lita 100 ko fiye.

Sai gishiri. Gishirin miya ba ya wannan aiki, domin ruwan teku yana ɗauke da magneziyam da kalsiyam da fotasiyam da wasu sinadarai da dama, kuma akwai haɗin gishiri na musamman da ake sayarwa don haka. Ana dama shi a bokiti daban, a bar injin yana juya shi kwana guda, sannan a auna. Ma'aunin nauyin ruwan ya kamata ya tsaya tsakanin 1.023 da 1.026. Dalilin wannan tsanani yana jikin kifin ne. Jininsa bai kai ruwan da yake ciki gishiri ba, don haka kullum ruwa na fita daga jikinsa, shi kuma yana shan ruwan teku yana fitar da gishirin ta kafofin numfashinsa. Aiki ne da ba ya tsayawa, kuma idan gishirin ya haura farat ɗaya, kifin yakan bushe daga ciki alhali yana tsakiyar ruwa.

A nan ne mutane da yawa ke yin kuskuren da ya yi kama da hikima. Ruwan tanki yana raguwa kullum saboda tururi, amma ruwan ne kawai ke tashi, gishirin yana nan. Idan aka cike giɓin da ruwan gishiri, tankin zai riƙa ƙara zartsi har ya wuce kima. Da ruwan da babu gishiri ake cikewa, kuma kullum, kaɗan-kaɗan. Dabara mai sauƙi ita ce a ja layi a jikin gilashin daidai inda ruwa ya tsaya, kowace safiya a mayar da shi kan layin. A lokacin hunturu da iska ke bushewa, raguwar takan fi sauri. Canjin ruwa kuwa abu ne daban: a ɗebe kusan kashi 10 cikin 100 kowane mako, a mayar da sabon ruwan gishiri mai ma'auni ɗaya da ɗumi ɗaya, wannan ne ke rage nitret. Ruwan da za a yi amfani da shi ya zama tatacce. Na famfo yakan zo da kulorin, na rijiya da burtsatse kuma kan zo da nitret ko ƙarafa da ido ba ya gani.

Ɗumin da ya dace digiri 24 zuwa 27 ne a ma'aunin Salshiyos. A Turai na'urar ɗumama ruwa ake nema, amma a garuruwa irin su Kano da Sakkwato, inda zafin bazara kan wuce digiri 40, sanyayawa ce matsalar. Tankin ya nisanci taga, a sa fanka tana kaɗa saman ruwan, idan hali ya yi a sayi na'urar sanyaya ruwa. Zafi ba shi kaɗai yake zuwa ba. Ruwan gishiri dama yana riƙe iskar oksijin ƙasa da ruwan kogi da kusan kashi ɗaya cikin biyar, idan ya ɗau zafi ya ƙara raguwa, kifin kuma a lokacin ne ya fi buƙatarta. Iskar tana shiga ne ta saman ruwa, saboda haka dole saman ya kasance yana motsi dare da rana.

Wannan ne ya sa ɗaukewar wuta ta zama barazana ta gaske. Injin ya tsaya na 'yan sa'o'i a tanki mai kifi da yawa, sai a tarar da su a sama suna buɗe baki, manya su ne ke fara mutuwa. Ƙaramin injin iska mai batir ya kamata ya kasance a ajiye tun kafin a sayi kifin farko. Idan babu, akwai tsohuwar hanya. A shekarun 1840 wata mata a Landan mai suna Anna Thynne ta riƙe murjani da rai na shekaru a cikin kwanonin gilashi, ta hanyar sa a riƙa juye ruwan daga wannan mazubi zuwa wancan kullum don iska ta shige shi. Har yau hakan na aiki: a ɗebi ruwan tankin da jug, a ɗaga hannu a zubo shi daga sama, a maimaita a kai a kai. Ba a ba kifi abinci muddin babu wuta. Matatar da ke rufe kuma, idan ta daɗe a tsaye, sai a zubar da ruwan cikinta kafin a kunna, domin ya riga ya ɓaci.

Cuta kusan kullum da sabon kifi take shigowa. Wadda aka fi sani ita ce ta fararen ɗigo, da ƙwayar Cryptocaryon irritans ke haddasawa. Ana ganin ɗige-ɗige kamar an barbaɗa wa kifin gishiri, yana goga jikinsa da dutse. Bayan 'yan kwanaki ɗigon ya ɓace, mai tanki ya ɗauka an warke. A zahiri ƙwayar ta sauka ƙasan tanki ne, ta lulluɓe kanta tana hayayyafa, ta dawo da ɗaruruwan 'ya'ya, wasu bayan kwanaki kaɗan, wasu sai bayan makonni da yawa. Ta biyu, Amyloodinium ocellatum, ta fi muni. Tana kama kafofin numfashi tun kafin a ga komai a fata, kuma tana iya share tanki cikin kwana biyu ko uku. Rigakafin duka biyun ɗaya ne, wato ƙaramin tanki na killacewa, inda duk sabon kifi zai zauna mako huɗu zuwa shida ana lura da shi. A can ake yin magani idan ta kama. Maganin da aka fi amfani da shi mai sinadarin tagulla ne, wanda dole a riƙa auna shi, domin tazarar da ke tsakanin abin da ke kashe cutar da abin da ke kashe kifin ba ta da yawa. Ba a zuba shi a babban tanki, yana kashe murjani da jatan lande da dodon koɗi. Idan cutar ta riga ta shiga babban tankin, sai a kwashe kifin duka a bar shi babu kifi, masu kiwo da yawa sukan kai kwana 76.

Wani kifin tun daga teku ya taho da ajalinsa. A Filifin da Indonesiya wasu masunta sun daɗe suna fesa gubar sayanaid a ramukan murjani don kifi ya suma su kama shi da sauƙi, duk da cewa doka ta hana. Irin wannan kifi yakan yi kyau a shago, ya mutu a gida ba tare da wani dalili a bayyane ba, murjanin da aka fesa wa shi ma ya lalace. Kifin da aka haifa a gidan kiwo ya fi aminci, kuma ya saba da abincin gwangwani. Kifin nan mai ruwan lemo da farin zane, wanda fim ɗin Finding Nemo na 2003 ya yi wa suna, yana cikin waɗanda ake hayayyafawa da yawa ta wannan hanya. Kafin a biya kuɗi, a nemi mai shago ya jefa abinci a ga kifin ya ci. Idan an kawo shi gida, a ɗora ledar da ya zo a ciki a saman ruwa na minti 15 zuwa 20 don ɗumi ya daidaita, sannan a riƙa ɗiga masa ruwan tankin a hankali na kamar rabin sa'a, a ɗauke shi da raga a saka. Ruwan leda ba ya shiga tanki.

Zaman tare ma yana kisa. Wasu kifayen suna kare yankinsu da faɗa, su hana baƙo ci da hutu har ya rame ya mutu, don haka masu sanyin hali ake fara sakawa, a tanadi ramukan ɓuya a tsakanin duwatsu. Wasu kuma masu tsalle ne, tanki sai da murfi. Abinci ya zama abin da za su cinye cikin minti biyu.

Akwai gubar da ke fitowa daga cikin ɗakin kansa. Maganin sauro na fesawa da na kunnawa yawanci suna ɗauke da sinadaran da ke kashe kifi ko da kaɗan ne ya sauka a ruwa, don haka ba a amfani da su a ɗakin da tanki yake. Hannun da ke da sabulu ko mai ko turare ba ya shiga ruwan, bokitin tanki kuma ba ya haɗuwa da na wanki.

Idan duk da haka kifi ya mutu, a cire gawar nan take, domin a ruwa mai ɗumi cikin 'yan sa'o'i take fara sakin ammoniya. A gwada ammoniya da nitrait da gishiri da ɗumi, a duba fatar sauran da yadda suke numfashi, a canza wani kaso na ruwan idan gwajin ya nuna matsala. Ba a sayo wani kifin a madadinsa sai an gano dalilin mutuwar, kuma sauran sun yi makonni suna ci suna iyo lafiya.