Tarawa da ɗebewa a ƙafafun of-amf: me ke gaskiya, me ke ƙarya?

Duk wanda ya taɓa buɗe inbata ko sitabilaiza ya san 'yar aisin nan mai ƙafa takwas, LM358, ko yayarta 741 da David Fullagar ya ƙera wa kamfanin Fairchild a 1968. Of-amf ake ce musu. A zane za ka ga kusurwa uku, ƙafa ɗaya da alamar tarawa, ɗaya da ta ɗebewa. A kan alamomin nan ake ta maganganu a shagunan gyara da azuzuwan foliteknik.

Wai nan ake jona batir. Ƙarya ce. A 741, wutar da aisin ke ci ta ƙafa ta 7 da ta 4 take shiga. Ta 2 mai ɗebewa da ta 3 mai tarawa kunnuwa ne, sigina kawai suke saurare. Haka ma batun wai sai wutar da ke ƙasa da sifili ake ba ƙafa ta 2, ba shi da tushe. Bambancin da ke tsakanin su biyun ake dubawa: in ta 3 ta rinjaya, mafita ta yi sama, in ta 2 ce, ta yi ƙasa.

Cewa ƙafar ɗebewa na kifar da sigina kuwa, gaskiya ne. Sa resista 10k a mashiga, 100k daga mafita zuwa ƙafa ta 2, ka kai ta 3 ƙasa. Ka ba ta bolt 0.1, za ka auna bolt 1 ƙasa da sifili.

Wadda ta fi damuna ita ce wadda ɗalibai ke haddacewa: wai ƙafafun biyu kullum daidai suke. Rabin gaskiya ce, kuma ta fi ƙarya tsagwaronta ɓarna. 741 na ninka bambancin kusan sau 200,000, don haka ɗan saɓani kaɗan ya isa ya tura mafita ƙarshen iyakarta. Abin da ke daidaita su shi ne wani kaso na mafita da ake mayarwa ƙafar ɗebewa, dabarar da Harold Black ya gano a 1927. Mafita na tashi, sai ta ja wa kanta linzami.

To, ka musanya ƙafafun ka gani. A takarda, in ka fara da cewa daidai suke, lissafi zai ba ka amsar ɗazu, har malami ya iya ba ka maki. A kan allon da'ira kuwa, mafita na tashi sai ta ƙara ingiza kanta, ta je ta manne sama ko ƙasa. Yaro ya zauna yana canza aisi lafiyayyiya, yana zargin an sayar masa da jabu. Ni a ganina, kafin a rubuta lissafi ko layi ɗaya, a bi wayar da ta baro mafita da yatsa a ga inda ta sauka.

Ba kullum ne mayarwa ga ƙafar tarawa ke zama kuskure ba. Da gangan ake yin ta a wasu da'irorin da ke kashe inbata in batir ya yi ƙasa, don kada rile ya riƙa kaɗawa a bakin iyaka. A nan ƙafafun ba sa zama daidai, kuma ba a so su zama.

Saura masu cewa ta sama a zane ita ce mai ɗebewa. Wasu masu zane na sa ta sama, wasu ƙasa. Alamar za ka duba, da lambar ƙafa: a LM358, ta 2 da ta 6 ne masu ɗebewa, ta 3 da ta 5 masu tarawa.