Tausar ƙafa bayan doguwar tafiya

Segedin gari ne na gishiri da dabino a ƙasar Kawar, arewa da Dirku, cikin jihar Agadas. Mutumin wannan yanki da ƙafarsa yake neman abinci: mai haƙar gishiri, da mai hawan dabino, da mai kiwon raƙuma. Haka kuma ƴan ayarin Abzin da ke ratsa Tenere zuwa Fashi da Bilma, kwana da kwanaki suna taka rairayi. Tafiya cikin rairayi ta fi tafiya a kan ƙasa mai tauri gajiyar da ƙafa, domin sawu yana nutsewa, sha-raɓa kuwa tana ƙara aiki.

Me ke kawo tsamin ƙafa?

Idan tsoka ta yi aikin da ya fi wanda ta saba, ƙananan zaruruwan da ke cikinta sukan ɗan yage. Mutum ba ya jin zafin nan take. Sai bayan kwana 1 zuwa 3 tsamin yake tsananta, sa'an nan ya lafa da kansa cikin mako guda.

Ƴan tseren dogon zango, masu gudun kilomita 42, su ma suna fama da wannan tsami. A Turai da Amurka suna sayen wani mulmulallen soso mai tauri su riƙa murza ƙafarsu a kansa. Masana sun gano cewa irin wannan tausa tana rage zafi, tana kuma sa gaɓoɓi su saki. Amma hutu da abinci su ne ke gyara tsoka.

Kayan tausa na cikin gida

Ba sai an kashe kuɗi ba. Muciya mai santsi, ko ƙaramar taɓarya, ko gorar roba cike da ruwa, duk suna iya wannan aiki. Ƙwallon goruba kuma ya dace da tafin ƙafa.

1. Ka zauna a kan tabarma, ka wanke ƙafa, ka duba ko akwai rauni ko ƙaya.
2. Ka riƙe muciya da hannu biyu, ka murza sha-raɓa a hankali daga saman idon sawu zuwa kusa da gwiwa, na minti 1 ko 2.
3. Ka yi haka ga cinya, gaba da baya.
4. Ka taka ƙwallon goruba kana zaune, ka juya shi ƙarƙashin tafin ƙafa.
5. Ka shafa man kaɗe, ka sha ruwa, ka ci abinci, ka yi barci.

Kada ka murza a kan ƙashin ƙwauri, ko kan gwiwa, ko bayan gwiwa. Idan zafin ya sa ka cije leɓe, ka danna da yawa, sai ka sassauta.

Inda tausa take da haɗari

Idan ƙafa ɗaya ta kumbura, ta yi zafi kamar mai zazzaɓi, tana ciwo, kada a taɓa ta. Mai yiwuwa jini ne ya daskare cikin jijiya. Tausa tana iya tura gudan jinin zuwa huhu, mutum ya mutu. Wannan yakan sami wanda ya daɗe zaune a matse cikin mota, da mace mai ciki ko mai jego. A kai shi gidan likita ba tare da jinkiri ba.

Kada kuma a yi tausa a kan gyambo, ko targaɗe sabo, ko inda ake zaton karaya. Mai ciwon sukari da ƙafarsa ba ta jin taɓi ya nemi shawarar likita tukuna. Wanda fitsarinsa ya yi baƙi kamar shayi bayan wahala mai tsanani, shi ma ya hanzarta zuwa likita, domin alama ce ta cewa ƙoda tana cikin haɗari.

Wanda ya karanta wannan shafi, ya karanta wa maƙwabcinsa da bai iya ba tukuna.