Sabunta Kayan Aikin Zuciya da Tazarar Doguwa Zuwa Kano

Ɗakin binciken zuciya ta hanyar jijiya wuri ne da likita ke zura siririn bututun roba, wanda ake kira katita, ta jijiyar hannu ko ta matsematsi har ya isa zuciya, sannan ya tura wani ruwa mai fitowa a hoton eksire domin ya ga inda hanyar jini ta toshe. Tarihin aikin bai kai shekara ɗari ba, domin a 1929 ne wani matashin likita a Jamus, Werner Forssmann, ya fara gwada shi a jikinsa, sai a 1977 Andreas Grüntzig ya buɗe toshiyar jijiyar zuciya da ɗan balan-balan a birnin Zurich, kafin a fara barin ƙaramar ragar ƙarfe a cikin jijiyar a 1986 don kada ta sake rufewa. A Nijeriya kuwa, tiyatar buɗe zuciya ta farko an yi ta ne a Inugu a 1974.

Bambancin tsohuwar na'urar wannan ɗaki da sabuwa yana cikin hoto da kuma yawan tururin eksire. Sabbin na'urori suna fitar da hoto tangaram da tururi kaɗan, kuma ana iya rage adadin hotunan da suke ɗauka a daƙiƙa guda daga 30 zuwa 15 ko ƙasa da haka, abin da ke rage wa majinyaci haɗarin ƙunar fata. Idan hoto ya fito sarai, ba a yawan maimaita tura ruwan hoton, kuma wannan ba ƙaramin sauƙi ba ne ga mai ciwon suga ko tsoho, tunda ruwan yana wahalar da ƙoda. Hanyar da aka zura katita ma tana da tasiri: wanda aka bi ta wuyan hannunsa yakan tashi zaune jim kaɗan bayan aiki, saɓanin wanda aka bi ta matsematsi, wanda zai shafe sa'o'i a kwance ba ya lanƙwasa ƙafa.

Ma'aikata ne suka fi sanin darajar sauyin, domin majinyaci sau ɗaya ko biyu yake shiga ɗakin, su kuwa a ciki suke wuni, sanye da rigar dalma mai nauyin kilo da dama wadda ke gadar da ciwon baya da na wuya, kuma tururin da ke taruwa a jikinsu shekara da shekaru yana iya jawo yanar ido.

Sai dai wannan alheri yana da sharaɗin lokaci. Ƙa'idar likitocin zuciya ita ce a buɗe jijiyar zuciyar da ta toshe farat ɗaya cikin kimanin minti 120 daga lokacin da aka gane toshewar, in ba haka ba a yi allurar narkar da gudan jini. Mutumin Riruwai ko Doguwa, a kudancin Kano, da ƙirjinsa ya riƙe sai ya ratsa dajin Falgore, ya wuce Tudun Wada, ya fito Kwanar Dangora, sannan ya kama titin Zariya zuwa Kano, ga neman mota, ga haɗa kuɗi, ga shawarar dangi, kuma sau da yawa an riga an ɓata kwana guda ana shan maganin gyambon ciki.

Akwai kuma tambayar wace cuta ce ta fi addabar yankin. Abin da ya fi kwantar da masu ciwon zuciya a asibitocin Arewa shi ne gazawar zuciya sakamakon hawan jini, da lalacewar ƙofofin zuciya bayan ciwon maƙogwaro na yarinta da ba a magance ba, da kuma kumburin zuciyar masu jego, wanda likitoci a Zariya suka bayyana tun shekarun 1970, suka danganta shi da kunun kanwa da wankan jego da kwanciya a gado mai zafi, kuma Farfesa Kamilu Ƙaraye na Asibitin Koyarwa na Malam Aminu Kano ya jagoranci nazarinsa a faɗin ƙasar. Mai jegon da ƙafafunta suka kumbura, ba ta iya barci sai an jera mata matasai uku, ba katita take buƙata da farko ba, hoton eko take buƙata, wato hoton zuciya da ake ɗauka da sauti kamar na masu juna biyu. Irin wannan na'ura a yau akwai wadda ake riƙewa a tafin hannu, kuma farashinta bai kama ƙafar na ɗakin katita ba.

Saboda haka sabuntawar da za ta isa kudancin Kano hawa biyu ce. Babbar na'ura ta zauna a birni, inda ake da ƙwararru, da wutar da ba ta yankewa ana tsakiyar aiki, da yarjejeniyar gyara da kamfanin da ya sayar da ita, tunda bututun eksire yana ƙonewa kuma ba a samunsa a kasuwar Sabon Gari. Asibitocin Doguwa da Tudun Wada da Kiru da Bebeji kuma su samu eko da na'urar zana bugun zuciya a takarda, wadda jami'in jinya zai ɗauki hoton sakamakonta da waya ya aika wa likita a Kano, a yanke shawarar allura ko tafiya tun kafin direba ya tayar da mota.