ZAƁEN KEKEN LANTARKI DOMIN ZUWA WURIN AIKI

Gabatarwa

Tun ranar 29 ga Mayu, 2023, da Shugaban Ƙasa Bola Ahmed Tinubu ya ba da sanarwar janye tallafin man fetur, kuɗin zuwa wurin aiki ya shiga cin babban rabo daga albashin ma'aikaci. Litar man da aka sha saye ƙasa da naira 200 a farkon 2023 ta haura naira 1,000 kafin ƙarshen 2024. Wannan ya sa jama'a da yawa suka mai da hankali ga keke da babur masu aiki da batir. Abin ba sabo ba ne a duniya, domin a ƙasar Sin kaɗai akwai irin waɗannan kekuna sama da miliyan 300. A nan gida kuma, cikin 2024 Gwamnatin Tarayya ta sa ababen hawa masu aiki da lantarki cikin kayan da aka ɗauke wa harajin VAT.

Kuɗin keken lantarki tanadin watanni ne, ko kuwa bashi daga ƙungiyar gama kai ta ma'aikata. Wanda ya saya ba da sani ba yakan wayi gari da bashi a wuya, ga keke jingine a zaure. Saboda haka aka shirya wannan ɗan littafi. An ɗauki garin Bukuru, hedkwatar Ƙaramar Hukumar Jos ta Kudu a Jihar Filato, ya zama misali, domin hanyarsa ta haɗa nisa da tudu da sanyi da ruwan sama. Lissafin da ya yi wa mutumin Bukuru amfani zai yi wa na Kano ko Sakkwato ko Maiduguri.

Iri biyu ne

Na farko keke ne mai feda, an ɗaura masa ƙaramin inji da batir. Kana taka feda injin yana taimakonka, kuma in batir ya ƙare sai ka ci gaba da takawa har gida. A ƙasashen Turai an ƙayyade ƙarfin injin irin wannan keke ga wat 250, kuma yakan daina taimako idan gudu ya kai kilomita 25 a awa.

Na biyu babur ne sosai, ba shi da feda. Ya fi ƙarfi da gudu, yana ɗaukar mutum biyu, amma ya fi tsada da nauyi, kuma idan batirinsa ya ƙare a hanya sai turi. Ma'aikacin da ke tafiya shi kaɗai da 'yar jakarsa, na farko ya ishe shi. Wanda zai sauke yaro a makaranta kafin ya wuce ofis, na biyu ya fi dacewa da shi.

Auna hanyarka tukuna

Kafin ka taka ƙafa kanti, lalle ne ka san tsawon hanyarka. Daga Bukuru zuwa Taminus a tsakiyar Jos, ta kan titin Yakubu Gowon, wajen kilomita 15 ne, watau 30 ke nan zuwa da dawowa. Haka mai aiki a Cibiyar Binciken Cututtukan Dabbobi ta Vom, ko Cibiyar Nazarin Manufofi ta Kuru, ko asibitin koyarwa na Lamingo, kowa ya auna tasa, da wayar hannu ko da agogon babur ɗin wani abokin aiki. Sa'an nan ka ƙara ratsen da kakan yi zuwa kasuwa ko gidan 'yan'uwa.

Nisan da mai kanti zai gaya maka, an auna shi ne a shimfiɗaɗɗiyar hanya, da sabon batir, da mahayi mara nauyi. Ka cire kashi ɗaya cikin uku na abin da ya faɗa. In ya ce kilomita 60, ka ɗauka 40 ne.

Batir shi ne keken

Fenti da fitilu da madubi ba su kai mutum wurin aiki. Batir ne ke kai shi, kuma shi ne mafi tsada a jikin keken. A jikin kowane batir za ka ga lambobi biyu, ɗaya tana biye da harafin V, ɗaya da haruffan Ah. Ka ninka ta farko da ta biyu. Abin da ya fito shi ne yawan wutar da batirin ke riƙewa, ana rubuta shi da haruffan Wh. Wh 1,000 daidai yake da yunit ɗaya na mitar wutar gidanka.

Misali, batir mai V 48 da Ah 12 yana riƙe Wh 576. Keke mai feda yakan ci kamar Wh 10 zuwa 15 a kowace kilomita. In muka ɗauki 15 saboda tudu, wannan batir zai yi wajen kilomita 38. Ga mai zuwa Taminus daga Bukuru, yana sabo zai kai shi ya dawo da shi, amma bayan shekara ɗaya ko biyu, da ƙarfinsa ya ragu, zai fara mutuwa tun a Dadin Kowa da yamma. Mai V 48 da Ah 20 kuwa yana riƙe Wh 960, watau wajen kilomita 64, ka ga akwai rara. Babur mara feda yakan ci kamar Wh 30 zuwa 40 a kilomita, don haka mai V 60 da Ah 30, watau Wh 1,800, zai yi wajen kilomita 50. Ƙa'idar ita ce: ka nemi batirin da zai iya ninka tafiyarka ta yini sau ɗaya da rabi, ko ma sau biyu.

Batir kuma iri biyu ne. Akwai na dalma, dangin batirin mota. Yana da araha, amma yana da nauyi ƙwarai, kuma yakan gaji bayan caji kamar 300, watau ɗan abin da ya wuce shekara guda ga mai zuwa aiki kwana biyar a mako. Akwai kuma na litiyam, dangin batirin wayar hannu. Ya fi tsada, amma bai kai rabin nauyin na dalma ba, kuma mai kyau yakan jure caji 500 zuwa 1,000 ko fiye. Araha ba ta ado: wanda ya sayi na dalma zai sake batir sau biyu ko uku kafin na litiyam ɗaya ya gaji.

Tudu da sanyi da ruwa

Jos da Bukuru suna bisa tsauni, sama da mita 1,200 daga bakin teku, ƙasa ce ta hawa da gangara. Hawa yana shan batir, gangara kuma tana cin birki. Saboda haka ka zaɓi keke mai giya, domin ƙafarka ta taimaki injin a kan tudu, da birki mai faifai gaba da baya, domin shi ne ke kamawa ko da taya ta jiƙe.

Sanyin hunturu na Disamba da Janairu yana rage nisan da batir ke kai wa, musamman da sassafe. Maganinsa shi ne batir ya kwana a cikin gida, a inda iska ba ta kaɗa shi. Mutanen Sakkwato da Maiduguri kuwa zafi ne abokin gabarsu, kada su bar keke cikin rana tsaka. Da damina, wadda a Filato takan kama daga Afrilu zuwa Oktoba, yayyafi ba ya cutar da keke mai kyau, amma kada ka kutsa cikin ruwan da ya kai cibiyar taya.

Ina za ka yi caji?

Bukuru tsohuwar gari ce a sha'anin lantarki. Tun 1929 aka kafa kamfanin NESCO, domin samar da wuta daga ruwan Kurra ga wuraren haƙar kuza, kuma hedkwatarsa tana Bukuru. Yawancin gidaje a yau suna samun wuta daga kamfanin rarraba lantarki na Jos, watau JED. Ko daga ina wutarka take, ka lura da ita mako guda: awa nawa takan zauna a jere? Batir yakan bukaci awa 4 zuwa 6 kafin ya cika. In wutar unguwarku ba ta zama haka, ka sayi keken da ake zare batirinsa a riƙe a hannu, domin ka yi caji a wurin aiki bayan ka nemi izinin shugabanka. Akwai kuma baburan da ake musayar batirinsu a tasha. Kada ka sayi irinsu sai ka ga tashar da idonka a kan hanyarka.

Ga lissafin kuɗi. A Yulin 2024 an tsai da kuɗin yunit ɗaya ga masu rukunin A, waɗanda suka fi kowa biya, a kan naira 209 da kwabo 50. Bisa wannan farashi, kilomita 30 a keke mai feda za ta ci wajen rabin yunit, watau naira 100 da 'yan kai, babur kuwa yunit ɗaya da ɗoriya, wajen naira 250. Ƙaramin babur mai shan fetur yakan sha kamar kashi biyu cikin uku na lita a wannan tafiya. Amma fa ka riƙa ware wani abu daga rarar kowane wata, domin ranar sake batir tana nan tafe.

Hattara da gobara

Batirin litiyam mara kyau, ko wanda aka yi wa kwaskwarima, yana iya kamawa da wuta mai wuyar kashewa. A birnin New York na Amurka, irin wannan gobara ta hallaka mutum 18 a cikin 2023. Saboda haka:

1. Ka yi amfani da cajar da ta zo da keken kaɗai.
2. Kada ka jona batir ka kwanta barci, ko ka fita ka bar shi.
3. Kada ka yi caji a bakin ƙofa, ko kusa da katifa, gas ko kananzir.
4. In an ɗauke wuta, ka zare caja, domin wutar takan dawo da ƙarfi.
5. Batirin da ya kumbura, ko yake zafi ko wari, a fitar da shi waje nan take.

Abin da doka ta ce

Babur, ko da fetur yake aiki ko da batir, yana bukatar rajista da lamba da lasin tuƙi mai aji A. Hukumar Kiyaye Haɗurra ta Tarayya ta fara tilasta sa hular kwano ranar 1 ga Janairu, 2009, kuma ko mai keke ya kamata ya sa. A zamanin Gwamna Jonah Jang ne aka hana sana'ar acaɓa a cikin Jos da Bukuru, gwamnatocin da suka biyo baya kuma sun sha jaddada hanin. Don haka mai babur na kansa ya riƙa tafiya da takardunsa da katin shaidar aiki, kada kuma ya ɗauki fasinja don kuɗi. Kafin ka biya, ka tafi ofishin lasin da sunan keken da ƙarfin injinsa, a gaya maka ajinsa.

Ranar saye

Ka tafi da makanike ko mai gyaran lantarkin da ka amince da shi. Ka hau keken ka gwada shi a tudu na gaske. Ka tambayi kuɗin sabon batir da inda ake samunsa, da taya da takalmin birki da caja, domin keken da sai an aika Legas kafin a sami kayan gyaransa zai sa ka makara aiki makonni. Ka nemi shaidar cewa kayan sun bi ta hannun Hukumar Kula da Ingancin Kaya ta Nijeriya, watau SON. Ka karɓi rasit mai ɗauke da lambar keke da lambar batir, da alkawarin gyara a rubuce, wanda ya ambaci batir da sunansa da tsawon watanninsa. Mai kantin da ya ƙi rubuta alkawari ya riga ya gaya maka darajar kayansa.

Ana roƙon wanda ya karanta wannan ɗan littafi ya miƙa wa abokin aikinsa, ya kuma karanta wa wanda bai iya karatu ba. Allah ya kai mu wuraren aikinmu lafiya, ya komo da mu ga iyalanmu lafiya, amin.