Dalilin da ya sa rana ba ta saurin cin shuni

A garin Gaya na jihar Doso, inda gada ta haɗa Nijar da Malanbil ta ƙasar Benin, kuma Kamba ta Najeriya ke kusa, mai sayen tufa yakan tambaya ko rana za ta cinye launin. Tun kaka da kakanni an san cewa baba, irin wanda ake rini da shi a marinar Ƙofar Mata ta Kano, ya fi rini da yawa jure rana.

Masana kimiyya sun gano dalili. Idan haske ya faɗa kan ƙwayar shuni, takan sha ƙarfinsa, wanda zai iya tsinka ta. To amma kafin hakan ta faru, sai haidurojin da ke cikinta ya goce daga mazauninsa, motsin lantarki da girgizar ƙwayar su haɗu, ƙarfin ya tsiyaye ya zama ɗumi. Duk wannan ba ya ɗaukar kashi ɗaya cikin biliyan na daƙiƙa.

Saboda rashin nauyinsa, haidurojin kan iya ratsa shingen da ƙarfinsa bai kai ya tsallake ba, abin da ake kira ratsen kwantam. Ahmed Zewail, ɗan ƙasar Masar, ya sami kyautar Nobel a 1999 saboda bin sawun irin wannan motsi mai sauri da hasken lesa.

Saboda haka mai saye ya sani, gogayya da wanki su ne suka fi rana cin turkudi.