Me ke kawo dannau?

Da yawa daga cikinmu sun san dannau. Mutum ya farka cikin dare, ido biyu, amma ya kasa ɗaga ko da yatsa. Ya so ya yi kira, murya ta ƙi fita. Ƙirji ya yi nauyi kamar an aza masa buhun hatsi. Wani har inuwar mutum yake gani a bakin ƙofa.

Ga abin da likitoci suka gano. Lokacin da muke mafarki, ƙwaƙwalwa takan ɗaure gaɓoɓinmu, don kada mu tashi mu aikata abin da muke gani. Wani sa'in hankali yakan riga jiki farkawa. Mutum ya farka, jiki na ɗaure, sauran mafarki kuma bai gama watsewa ba. Wannan shi ne dannau. Numfashi ba ya tsayawa, kuma abin yakan wuce cikin minti ɗaya ko biyu. Dannau ba ya kisa. Wani bincike na shekarar 2011 ya nuna kusan mutum 8 cikin 100 sun taɓa yin sa. Ya fi yawa ga matasa.

Babban abin da ke jawo shi shi ne ƙarancin barci. Manomin da ya yini yana noma da damana, sannan ya raba dare a fada yana shan shayi, ya buɗe masa ƙofa. Haka mai gadi, da direban da ke tafiyar dare, da mai jego. Damuwa ma tana kawo shi, kamar ta bashi ko ta rumbun da ya kusa ƙarewa. Kwanciyar rigingine tana ƙara shi.

Abin takaici, a kan dannau akan zargi maƙwabciya da maita, ko a sayar da akuya don neman magani. Mu fara da abin da ba ya cin ko dala: mu kwanta da wuri, a lokaci guda kullum, bisa gefe ɗaya. Mu rage shayi da goro bayan magariba. In ya zo, mu natsu, mu yi ta ƙoƙarin motsa yatsa.

Idan yana dawowa a kai a kai, ko barci na kayar da mutum da rana tsaka, sai a tafi likita. Wanda kuwa ya farka hannu ko ƙafa ta mutu, baki ya karkace, wannan ba dannau ba ne. A kai shi asibiti nan take.