Ciwon Damuwa da Kashe Kai: Gaskiya da Jita-jita

A ƙauyukan Tasawa da Mayahi, idan aka ji wani ya halaka kansa, kafin a tashi daga zaman makoki an riga an yanke hukunci: wasu su ce sammu ne, wasu su ce iskoki, wasu su ce raunin imani. Masu waɗannan maganganu sun gano abu ɗaya daidai, wato mutumin ba ya cikin hayyacinsa na kullum. Wajen sanadi ne suka kauce. Sau da yawa abin da ke ƙasa shi ne ciwon tsananin damuwa, cutar da ke taɓa aikin ƙwaƙwalwa, kuma tana da magani. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta cewa mutum fiye da 700,000 ke kashe kansu kowace shekara, a ƙasashen masu addini da na marasa addini.

Gaskiya ne cutar tana sauya yadda mutum ke tunani. Likitan ƙwaƙwalwa Aaron Beck na Amurka ya nuna cewa yanke ƙauna ya fi zurfin baƙin ciki nuna wanda ke cikin haɗari. A ɗauki magidancin da damina ta ƙi masa, rumbu ya kusa ƙarewa, ga bashi. Mai lafiya zai tuna da cin rani, da ɗan'uwa a Kano, da akuyar da za a kai kasuwa. Wanda cutar ta kama duk waɗannan ƙofofi sun ɓace masa, sai ya kwana yana juya magana ɗaya, cewa ya zama kaya a kan iyalinsa. Masu bincike a Faransa sun gano raunin auna riba da asara wajen yanke shawara, aikin da ɓangaren gaban ƙwaƙwalwa ke yi, a tsakanin waɗanda suka taɓa yunƙurin kashe kansu. Tun a 1976 Marie Åsberg ta Suwidin ta ga alamar ƙarancin aikin sinadarin serotonin a jikin irin waɗannan majinyata. Rashin barci da shan tramol ko giya suna ƙara sassauta birkin da ke hana mutum aikin gaggawa.

Sai dai ƙarya ne a ce akwai hoton kai ko awon jini da zai nuna wanda zai kashe kansa, domin sinadari ɗaya bai isa ya bayyana lamarin ba. Haka kuma gado yana ƙara haɗari, amma ba ya yanke wa kowa ƙaddara, kuma mafi yawan masu ciwon damuwa ba sa kashe kansu.

Wani zai ce wannan bayani yana wanke abin da addini ya haramta. Haramcin yana nan, imani kuma garkuwa ne ga mutane da yawa. Amma kamar yadda zazzaɓin cizon sauro ke kama liman, haka wannan cuta ke kama mai salla. Cewa da majinyaci imaninsa ya yi rauni yana ƙara masa ganin kansa ba komai ba, wanda shi ne ainihin dafin cutar. A yi addu'a, a kuma je asibiti. Maganar cewa mai faɗa ba ya aikatawa ita ma kuskure ce, don da yawa sukan furta tun kafin lokaci. Tambayar mutum kai tsaye ko yana tunanin kashe kansa ba ta dasa masa tunanin. Bincike ya nuna takan sauke masa nauyi.

Tunda ƙuncin tunanin yakan taso ne ya lafa, jinkiri kansa ceto ne. Misali, Siri Lanka ta hana sayar da magungunan ƙwari mafi dafi da mutane ke sha don halaka kansu, sai yawan kashe kai ya ragu da fiye da rabi. A gidan manomi, ma'anar wannan ita ce a kulle maganin feshi, kada a bar majinyaci shi kaɗai, a raka shi asibitin CSI mafi kusa ko asibitin gunduma na Tasawa ko Mayahi. Maganin damuwa yakan ɗauki makonni kafin ya fara aiki, don haka a ƙara sa ido a wannan tsakani. Hausawa na cewa labarin zuciya a tambayi fuska, amma mai wannan ciwo yakan amsa gaisuwa da murmushi. A zauna kusa da shi a tambaye shi da baki.